Ɗigo Bakwai a Ruwan Murjani

Sati biyar ke nan Malama Hansai ba ta kunna turaren wuta a falonta ba, murjanin kuwa bai fasa yin fari ba.

Tankin na ɗanta ne, Abdulgani. Shi ya kafa shi a falon gidansu da ke Agege, wani akwatin gilashi da ya kusa tsawon gado, cike da ruwan gishiri da duwatsu da 'yan kifaye masu launi, da kuma murjani mai rai. Kafin nan Hansai ba ta san murjani yana da rai ba. A wuyan kakarta ta san shi, jan dutse a zare. Da kamfaninsu ya mayar da Abdulgani Fatakwal, tankin bai ɗauku ba, sai ya bar shi, ya ɗauki wani Shamsuddeen ya riƙa zuwa duk Talata yana duba shi. Ita kuma aka ce nata ta zuba wa kifi abinci da safe, kada ta taɓa komai. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da kimiyyar sinadarai a sakandaren 'yan mata, ita aka ba aikin watsa tsaki.

Ta karɓa, don a lokacin abin bai dame ta ba. Daga baya ne ya shiga ranta. Akwai wani murjani kore mai rassa kamar ƙaramar bishiya da yake can saman duwatsun, wanda Abdulgani ya kawo bai wuce babban yatsa ba. Duk farkon wata takan ɗora tsohuwar rularta a jikin gilashin ta auna shi, har ya kai tafin hannu a buɗe. Bayan Babbar Sallah sai kawunan rassansa suka fara fari, kamar an tsoma su a toka, farin yana gangarowa a hankali.

Shamsuddeen ba mugun mutum ba ne, kuma ba jahili ba ne. Haifaffen Legas ne, ɗan shekara talatin da wani abu, yana da shagon kifin ado a Abule Egba, yana kuma kula da tankunan wasu otel-otel a Ikeja. Har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ta. Ciwonsa ɗaya, irin na mutanen yanzu: abin da ya fito daga kwalba mai rubutun Turanci ba ya ƙarya, abin da aka faɗa a zauren wayarsu na masu tanki kuwa ya zama doka. A can zauren aka yanke cewa hayaƙin turare ne. Aka hana turare. Aka ce maganin sauro ne, aka hana shi, ta koma kwana a gidan sauro kamar 'yar kwana a makaranta. Murjanin ya ci gaba da abinsa.

Aikinsa na Talata ba ya canzawa. Yakan ɗebi ruwan tankin a 'yar kwalbar gwaji, ya riƙa ɗiga masa wani magani yana ƙirgawa, har ruwan ya juye daga shuɗi zuwa rawaya. Yawan ɗigon shi ne ƙarfin abin da yake kira alka, wanda Hansai ta ce kanwa ce kawai da ta yi boko. Da ita da kalsiyam murjani yake gina ƙashinsa, shi ya sa akwai jarka biyu a ƙarƙashin tankin, da wani ɗan inji mai ɗiga su cikin ruwan dare da rana. Ɗigo tara Shamsuddeen yake nema. Tun bayan Sallah bai ƙara samun fiye da bakwai ba, don haka duk mako sai ya ƙara wa injin kanwar gudu.

Wannan Talatar ta ja kujera har gabansa, ta sa tabarau. Bakwai ya samu. Ta tambaye shi farin ɓawon da ya kama famfon tankin, irin wanda yake kama cikin butar shayi, da kuma yashin ƙasa da ya dunƙule kamar an zuba masa siminti. Ya ce haka tanki yake yi idan ya manyanta. Ta ce ruwan da kanwa ta yi masa kaɗan ba ya zubar da ita a jikin famfo. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. Ta miƙa hannu ya ba ta kwalbar maganin ta gani, don tun ɗazu take ganin ɗigon nan ya yi mata ƙiba a ido.

"Mama, wannan ba irin na makaranta ba ne," ya ce, yana mayar da ita akwati. "Daga waje aka kawo shi. Ki bar mana wahalar, abeg."

Da la'asar Abdulgani ya kira. Ya yi ta kewaye-kewaye, lafiyar ƙafarta, batirin sola, kafin ya zo kan magana: sun shawarta da Shamsuddeen, ranar Asabar za a kwashe tankin gaba ɗaya a kai shagon Abule Egba, inda iskar ta fi tsabta, kuma ido zai fi kai wa gare shi. Ya ce ba wai yana cewa ita ce ba. Ta ce to wa yake cewa, tunda ita kaɗai ce take numfashi a falon. Ta ce masa ta cire turare sati biyar ciwo bai tafi ba, kuma ko 'yan aji uku ta koya wa cewa idan ka cire abin da kake zargi abu bai canza ba, sai ka saki wannan ka nemi wani. Ya ce, Mama, wannan fannin daban ne, a bar wa masu shi.

Ta ajiye wayar ta zauna tana kallon koren nan. A shagon ma da kwalbar nan za a auna shi, a sami bakwai, a ƙara masa kanwa. Ga wahalar hanya a bayan mota. Ba ta ga yadda zai kai ƙarshen wata ba.

Washegari da hantsi ta leƙa shagon da ke ƙofar gidan, wanda take ba Zeinabou haya. Zeinabou 'yar Maraɗi ce, tana dafa zoɓo da kunun aya, mahautan Oko-Oba ne manyan masu sayenta. Hansai ta ce ta ba ta busasshen zoɓo cikin hannu ɗaya, ta kuma biyo ta ciki idan tana son kallo.

A teburin kicin ta jera kofunan shayi na gilashi guda biyu, iri ɗaya. Ta cika ɗaya da ruwan tankin. Ɗayan ta cika shi daga duron da ke lungu, inda Shamsuddeen yake ajiye sabon haɗin ruwan gishiri na canji, wanda ba a taɓa ɗiga masa komai ba. A jikin bokitin gishirin an rubuta cewa sabon haɗi takwas yake bayarwa. Ta jiƙa zoɓon ya yi kauri, ta wanke wata kwalbar maganin ido da ta ƙare, ta cika ta da ruwan kal, mai tsamin nan na girki.

"Malama, miya za ki yi wa kifin?" in ji Zeinabou.

"Ke idan zoɓonki ya yi tsami da yawa, me kike sa masa?"

"'Yar kanwa."

"Launin fa?"

"Ya yi duhu, in ta yi yawa har ya koma wani kore-kore, a yi asarar bidon, jarka guda cur."

"To kin gama lakkwal, karatun da nake koyarwa ke nan. Zauna ki ƙirga mini."

Ta ɗiga zoɓo sau uku a kowane kofi, jan ya mutu nan take, ruwan ya koma toka-toka mai ratsin kore. Sannan ta fara ɗiga ruwan kal a kofin sabon haɗin, tana juyawa da cokali, Zeinabou tana ƙirge. A na tara jan ya dawo. Suka koma kan kofin tankin. Tara ta wuce babu labari. Goma sha biyu, Zeinabou ta ɗago ta dube ta. Sai a na goma sha shida ruwan ya yi ja. Suka zubar, suka wanke kofunan, suka sake har sau biyu, da musayar kofi don kada a ce kofin ne. Sabon haɗi tara da goma, tanki sha bakwai da sha shida. Hansai ta rubuta a bayan kalanda. Kanwar da ke cikin tankin ta kusa ninka abin da ya kamata, kuma duk mako ƙara ta ake yi.

Ba ta ruɗi kanta ba. Ta san zoɓo da ruwan kal awo ne na ƙauye, wanda da ɗaliba ce ta kawo mata shi a jarrabawa sai ta rage mata maki. Ta san kuma idan ita ce ta yi kuskure, ta tsayar da injin alhali ruwan yana cikin yunwa, to da hannunta za ta ƙarasa murjanin, kuma ba za a ƙara barinta ta buɗe baki a kan komai ba a gidan nan. Zeinabou ma abin da ta faɗa ke nan, ta ce kayan ɗa tsada gare su, ta bari mana Asabar ta yi. Hansai ta ce kafin Asabar injin zai zuba kwana uku. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ta bi tiyon jarkar kanwa da yatsa har inda ya shiga injin, ta kashe layinsa, ta bar na kalsiyam yana aiki.

Ba ta ɓoye ba. Ta tura wa Abdulgani saƙo: Na kashe ɗigon kanwa yau Laraba ƙarfe sha ɗaya. Ni na kashe, da hankalina. Ya kira sau shida. A na bakwai ta ɗauka ta ce tana lazimi, su haɗu Asabar a waya.

Alhamis ta auna, sha shida. Juma'a sha biyar. Murjanin bai nuna mata komai ba, farin bai ja da baya ba, ba ta kuma iya rantsewa cewa bai ƙaru ba. Ta fi sau goma tana ɗora rula a gilashin.

Asabar da safe akori-kura ta tsaya a ƙofar gida da duro huɗu babu komai ciki. Shamsuddeen ya zo da ƙarti uku masu dakon nama da ya ɗauko daga Oko-Oba, don su ne suka saba da nauyi. Hansai ta sa aka shimfiɗa musu tabarma a baranda, Zeinabou ta kawo musu zoɓo mai sanyi, ta ce su huta tukuna, aikin bai nuna ba. Ita kuwa ta ja kujerarta ta zauna a gaban tankin, ta ba shi baya.

Shamsuddeen ya gaishe ta a tsaye, karo na farko. Ya ce oga Abdulgani ya gaya masa abin da ta yi, kuma da ta san haɗarin da ke ciki da ba ta yi ba. Ya ce shekararsa tara a wannan sana'a, bai taɓa jin an auna ruwan teku da zoɓo ba. Ta ce ba ta nemi ya yarda da zoɓo ba. Abu ɗaya take so kafin kowa ya taɓa gilashin nan: ya ɗauko kwalbarsa ya auna mata ruwan duron da ke lungu.

"Wannan ai sabon haɗi ne, Mama. Ba a auna shi."

"Nawa bokitin ya ce?"

"Takwas."

"To auna mini takwas ɗin in gani. In ka samu, ni zan riƙe muku ƙofa."

Ya ɗebo ruwan yana girgiza kai. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ruwan ya koma rawaya. Ya ce bai wanke kwalbar da kyau ba. Ya wanke, ya sake. Huɗu. Ya tsaya yana kallon 'yar kwalbar, can ya ce wataƙila gishirin ne ya lalace, Legas da laima, ana samun haka.

Hansai ta ce Zeinabou ta miƙo mata farantin shayi. Ta ce wa Shamsuddeen ya fito da ɗaya kwalbar, ta awon kalsiyam, tunda kamfani ɗaya ya yi su, baki iri ɗaya. Ya ɗiga ɗaya daga wannan, ɗaya daga waccan, gefe da gefe. Na kalsiyam ya zauna a farantin kamar ƙwayar dawa. Na kanwar ya baje kamar wake. Zeinabou ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce ko ita da ba ta yi lakkwal ba ta ga uwa da 'ya.

Ya juya kwalbar ya dubi bakinta a hasken taga. Da ya yi magana muryarsa ta sauka: satin Sallah bakin ya toshe, yana sauri, ya gasa fil a wuta ya huda shi. Bai ƙara tunawa da abin ba.

"Kowane ɗigonka biyu ne," ta ce. "Bakwai ɗinka sha huɗu ce. Tanki nawa kake aunawa da ita?"

Ya ce goma sha ɗaya. Ya nemi wuri a hannun kujera ya zauna, ya cire hula ya riƙe.

Ba ta ji daɗin ganinsa haka ba, amma ba ta sassauta ba. Da ya roƙe ta ta bari shi zai yi wa oga bayani da kansa, anjima, idan ya natsu, ta san irin bayanin da ake yi anjima: an gano 'yar matsala a kayan awo, an gyara. Turarenta da maganin sauronta za su ci gaba da zama masu laifi a bakin mutane. Ta ce ya kira shi yanzu, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji.

Ya kira. Ta yaba masa a kan wannan, bai rage komai ba. Ya faɗi fil ɗin, ya faɗi huɗun da ya samu a sabon haɗi, ya ce wata biyu yana ƙona murjanin da kanwa, kuma da Mama ba ta kashe layin ba ranar Laraba da abin ya fi haka.

"Mama," in ji Abdulgani daga can, "yanzu yaya za a yi?"

"Yau ni ake tambaya?"

Sannan ta ce abin da take gani shi ne a kwashe rabin ruwan yanzu a zuba sabo, tunda ga duro ga ƙarti. Nan Shamsuddeen ya ɗago ya ce a'a. Ya ce murjani ya fi tsoron canji na farat ɗaya a kan yawan kanwar kanta, idan aka sauke ta yau gaba ɗaya sauran rassan ma za su tafi. A bar layin a kashe, ta riƙa sauka da kanta, a canza bokiti ɗaya duk kwana biyu. Hansai ta dube shi ta saman tabarau, ta auna maganar, ta ce wannan ya fi ta sani, haka za a yi.

Sauran sharuɗɗan ita ta gindaya su, ba ta kuma sa su a sigar roƙo ba. Tanki ba ya fita daga gidan nan. Shamsuddeen zai ci gaba da zuwa Talata, da sabuwar kwalba, ya kuma kawo ta biyu a ajiye a wurinta. Shi ya auna, ita ta auna, idan lissafinsu bai haɗu ba babu abin da zai shiga ruwan. Abdulgani ya fara cewa ai gwiwarta, ta ce gwiwarta ba ta ƙirga ɗigo. Ya ce to, a bar shi.

Shamsuddeen ya fita ya sallami ƙartin, waɗanda suka sha zoɓo kofi bibbiyu ba su ɗaga ko tsinke ba, suna ta yi wa direban dariya da Yarbanci. Ya dawo ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu har gwiwa, ya sa ɗan almakashinsa cikin ruwan ya datse rassa biyu da farin ya cinye har gindi, don kada gansakuka ta kama su ta bi sauran. Ya ajiye su a farantin. Ya ce sauran suna da launi a ƙasa, amma ba zai yi mata alkawari ba. Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya ce zai bi ta shago ya ɗauki sabuwar kwalba ya wuce Ikeja, ya tare okada a bakin layi.

Hansai ta ɗauki reshe ɗaya daga farantin. Ba nauyi, kaushi kamar dutsen goge ƙafa. Ta ajiye, ta matsa kusa da gilashin ta ƙirga waɗanda suka rage. Goma sha uku, huɗu a cikinsu da farin kai.

Zeinabou tana tattara kofuna ta tambaye ta ko zai rayu.

"Ban sani ba," in ji Hansai. "Ko wanne ne dai, a falon nan za a yi shi, ina kallo."